Mushen Kaza: A Bola Ko A Rami?

Bahaushe ya bambanta gawa da mushe. Gawa ta mutum ce, ana yi mata wanka da sutura a kai ta makwancinta. Mushe kuwa shi ne dabba ko tsuntsun da ya mutu ba tare da an sa masa wuƙa ba. Da zarar an ce kaza ta yi mushe, ko yaro ƙarami ya san hukuncinta: ba a ci. Addini ya haramta, al'ada ta ƙyamata. Sai dai iyakar abin da kalmar ta koya mana ke nan. Ta faɗi abin da ba za a yi da kazar ba, ta yi shiru game da abin da za a yi da ita. Wannan giɓi shi muka cike da wata ɗabi'a da ta zama jiki, wato a kira yaro a ce ya kama ƙafarta ya je ya yar a bola, ko a cilla ta a kwata, ko a kududdufin bayan gida. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mushen kaza haƙƙi ne a wuyan mai ita, kuma bai sauke shi ba sai ya binne shi ko ya ƙone shi.

Abin da ya sa na ɗauki wannan matsayi, na gan shi da idona. Wata shekara a tsakiyar hunturu, kaji suka fara mutuwa a wani gida da ke lungunmu. Kowace safiya sai a ga biyu ko uku a kan bolar da dukan unguwa ke zuba shara, wadda kuma a nan kajin kowa ke wuni suna kiwo. Kafin mako biyu akurkin gidana ya zama kango. Ni asarata ba ta taka kara ta karya ba, domin ina da albashi. Wadda ta ba ni tausayi wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, wadda da kajin nan take sayen sabulu da gishiri, da su take biyan kuɗin makarantar jikokinta. Ba wanda ya yi niyyar cutar da ita. An dai yar da mushe kamar yadda aka saba, ita kuma ta biya.

Mai karatu zai iya cewa, ai iyaye da kakanni haka suka yi, ba su kuma halaka ba. Gaskiya ne, amma su suna da mai shara wanda mu muka rasa, wato ungulu. A da, duk mahauta da bakin kasuwa cike suke da ita, kuma kafin rana ta take tsaka ta share mushen da aka yar da safe. Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Yau matashi zai iya girma a birni bai taɓa ganin ta ba. Guba da farautar ta don haɗa magani sun rage ta ƙwarai, har a shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta sa ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Ga kuma cunkoso: bolar da a da take bayan gari, yanzu tana jikin katangar wani. Saboda haka mushen da aka yar yakan kwana uku ko huɗu yana ruɓa, ƙuda da karnuka da ɓeraye suna yawo da abin da ke cikinsa gida-gida.

Me ke cikinsa? Sau da yawa cutar da ta kashe kazar ba ta mutu tare da ita ba. Annobar da ta fi shafe kajin gida a ƙasarmu ita ce wadda masana ke kira Niyukasil, da sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta wajen shekarar 1926. Takan tsananta a lokacin hunturu. Kaza ta yi laƙwas, ta yi zawo kore, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Ƙwayar cutar tana nan a kashin kazar da majinarta da gashinta da namanta, don haka duk kazar da ta tsattsagi wurin ta ɗauka. Akwai kuma wata illar da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Idan mushe ya ruɓe, tsutsar da ta fito daga cikinsa takan tara wani dafi mai shanye jiki, kazar da ta ci ta sai ƙafa da fiffike da wuya su saki. A nan karin maganar nan ta tabbata baki da baki, cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Bambancin kawai shi ne, mu ne muka ajiye mata wuƙar.

Da a kan kaji abin ya tsaya, da da sauƙi. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in nata a nahiyar Afirka. Ba a jima ba aka same ta a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare kuma ta bayyana a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. A watan Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta sake dawowa a 2015, sannan a 2021. Wannan cuta tana iya tsallakawa daga tsuntsu zuwa mutum, kuma hanyar da ta fi bi ita ce taɓa tsuntsu maras lafiya ko matacce, da yanka shi, da fige shi. To, wa muke aika wa da mushe hannu tsirara? Yaro ɗan shekara bakwai, wanda daga bola zai dawo ya tsoma hannu a kwanon tuwo.

Wannan ya kawo mu ga wata dabara da muke alfahari da ita. Idan aka ga kaza tana gyangyaɗi, sai a yi maza a ɗauko wuƙa, wai kada ta yi mushe a yi asara. Sauran kuma a zuba su a kwando a nufi kasuwa kafin su nuna alama. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Wanda kuma ya sayar da kazar da ya san annoba ta shiga akurkinta, ya kai wa wani gida abin da yake gudu a nasa, ya kuma karɓi kuɗi a kai. Ban ga sunan da ya dace da wannan ba in ba ha'inci ba.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya. Babba ne zai ɗauki mushen, ba yaro ba, ya sa hannunsa cikin leda ko ya yi amfani da shebur. A haƙa rami mai zurfin kamar mita guda, domin kare kan tone wanda bai kai haka ba. Ramin ya yi nisa da rijiya da rafi, aƙalla mita 30, kuma ba a wurin da ruwa ke kwanciya da damina ba. A saka mushen tare da gashin da ya zube da sharar akurkin, a mayar da ƙasa a daddanne, a ɗora dutse ko ƙaya. Mai itace yana iya ƙone shi, da sharaɗin ya zama toka, domin babbaka ba ƙonewa ba ce. Daga nan a wanke hannu da takalmi da sabulu, a wanke kaskon ruwan kaji, a killace waɗanda suka rage. Idan kuwa kaji da yawa ne suka faɗi rana ɗaya, zankonsu ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, to kada a tsaya ga binnewa kawai, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Ita Niyukasil ma tana da allurar rigakafi, har Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta.

Na san akwai uzuri mai ƙarfi. Ɗan haya a tsakiyar birni, wanda aka shafe tsakar gidansu da siminti, ina zai haƙa rami? Itace kuma ko na girki ya gagara. Ban raina wannan uzuri ba, amma ina ganin na unguwa ne, ba na mutum ɗaya ba. Unguwar da ta iya haɗa kuɗin gyaran taransifoma da na 'yan sintiri, ba za ta kasa keɓe rami mai murfi guda ɗaya a wani fili ba, mai unguwa ya sa ido a kai. Kafin a kai ga haka, ɗan haya yana iya ƙulle mushen cikin leda biyu ya kai shi bayan gari ya binne. Wahalar rabin sa'a ce. Wanda kuma ya ce kaza guda ba ta kai a ɗauko mata diga ba, ya tuna annobar da ta share lungunmu da kaza guda ta fara.

Akwai darasi a cikin Suratul Ma'ida, surar da ta haramta cin mushe. A cikinta ne aka ba da labarin ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa ya rasa yadda zai yi da gawar, sai da ya ga hankaka yana tona ƙasa sannan ya gane. Ashe daga tsuntsu muka fara koyon binnewa. Bai kamata a ce mun manta da darasin ba idan aka zo kan tsuntsun da ya zauna a gidanmu, muka ci ƙwansa, muka biya buƙata da 'ya'yansa.

A ƙarshe, ina kira ga ɗaliban da ke shirin zama malamai. Yawancinku za ku koyar a garuruwan da kusan kowane gida yake da akurki, kuma yaran da za su zauna a gabanku su ne ake aika wa bola. Idan kun zo koya musu bambancin gawa da mushe, ku ƙara musu da abin da kalmar ta bari ba ta faɗa ba. Yaron da ya koma gida ya ce, "Inna, Malam ya ce a binne," wataƙila ya tsirar da kajin unguwa guda.