SHARHI: Kafin a raba murhun zamani a Arewacin Zamfara, a fara tanadar abin da zai ci

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, tukunyar tuwo da daji ta dogara. Itacen girki, gawayin mai shayi da kiraren da almajirai ke karatun dare da haskensu, kusan duk daga can suke fitowa. Sai dai dajin ya daɗe da kufce wa jama'a. Dumburum da ke yankin Zurmi da Sububu da ke maƙwabtaka da Shinkafi sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma wanda ya shiga da gatari ya san cewa ba lalle ne ya dawo gida ba sai an biya kuɗin fansa.

Hukumomi ma sun gane cewa itace ya shiga lissafin tsaro. A 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, gwamnatin Katsina ta haramta wa manyan motoci ɗauko itace daga daji. Kananzir tuni ya fi ƙarfin talaka. Gas kuwa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan faɗuwar darajar naira tun daga 2023, har wasu gidajen da suka rabu da itace suka sake komawa gare shi. Ga kuma hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

A irin wannan hali, akwai wata fasahar girki da ta cancanci a duba ta, wato murhu mai amfani da ƙwayar makamashi.

Yadda yake aiki

Duk wanda ya taɓa ganin abincin kifi na buhu ya san kamannin wannan ƙwaya. Ana niƙa garin katako ko ragowar amfanin gona, a busar da shi, sannan inji ya matse shi ta cikin ƙananan ramuka, ya fito curi-curi mai kaurin milimita 6 zuwa 8. Ana so damshin ƙwayar ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin 100. A Turai da ita ake ɗumama gidaje da tukwanen dafa ruwa. A Afirka, girki ne babban amfaninta.

Murhun girkin ana cika shi ne da ƙwaya, a kunna wuta daga sama. Wata 'yar fanka mai aiki da batir tana hura iska, sai hayaƙin da zai cika madafa ya kama da wuta, ya zama harshe mai tsabta kusan irin na gas. Ƙaramin faifan sola ya isa ya yi cajin batirin.

Abin da ya sa fasahar ta dace da yankin shi ne, kayan haɗin ba sai an shiga daji ba. Buntun shinkafa yana tara tsibi a bayan injinan casa. Ɓawon gyaɗa ma ba baƙo ba ne a ƙasar da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga. Amma ba kowace ragowar gona ce ta banza ba. Harawa abincin dabbobi ce mai kuɗi, karan dawa da na gero kuwa da su ake danga, ana kuma girki da su. Shirin da ya ɗora lissafinsa a kan cewa kara kyauta ne zai ci karo da mai kiwo tun a kakar farko.

Inda gizo ke saƙa

Murhun gargajiya mai duwatsu uku ba ya zaɓen abinci, ko kara ko kashin shanu zai ci. Wannan kuwa idan babu ƙwaya ya zama gwangwani. Saboda haka tsarin yana farawa ne daga masana'anta, masana'antar kuma wutar lantarki take buƙata domin injin niƙa da na matsa. Zamfara tana samun wuta ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, kuma garuruwan arewacin jihar sun saba da doguwar ɗaukewar wuta. Idan aka koma janareta, kuɗin dizal zai hau kan kowane buhu, ƙwayar ta fi gawayi tsada, matar gida kuma ta koma inda ta fito.

Ajiya ma wani aiki ne. Ƙwayar da ta sha ruwa kumbura take ta ruguje, don haka dole a samu ɗakin ajiya marar yoyo da buhuna masu leda kafin damina. Ana tara kayan haɗi da kaka, a sayar duk shekara, wanda ke nufin jari zai kwanta na watanni. Sannan sai mota ta bi hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi, hanyoyin da direbobi ke bi rai a hannu.

Kulawa ta yau da kullum kuwa toka ce kan gaba. Ƙwayar katako mai kyau tokarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ta buntun shinkafa takan kusa kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Tokar takan dunƙule ta toshe ramukan iska, sai an zubar da ita an goge bayan kowane girki. Haɗa buntu da ɓawon gyaɗa yana rage matsalar. Batir yana mutuwa, fanka tana tsayawa, faifan ƙarfen da ke matse ƙwaya a masana'anta yana cinyewa, musamman da buntu mai kaushi. Kuma da yake ana cika murhun ne sau ɗaya, dahuwar wake ko tuwon gida mai mutum 20 na iya wuce cikawa guda.

Darasin baya

A Nuwamba 2014, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murhuna 750,000 da za a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare a cece-kuce, girkin karkara bai sauya ba. A Ruwanda, kamfanin Inyenyeri ya gwada wata hanyar: ya ba gidaje murhu bisa sharaɗin su riƙa sayen ƙwaya a wajensa. Murhun ya yi aiki, amma kamfanin ya durƙushe a 2020 saboda ƙarancin jari. Na farko ya sayi ƙarfe ba tare da tsari ba, na biyu yana da tsari amma kuɗin riƙe masana'anta ya gagara.

A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsabtataccen girki, kuma Zamfara na cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ke tallafawa don farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Ƙofar neman kuɗi a buɗe take. Hatsarin shi ne a sake maimaita bikin rabon kaya, a ɗauki hoto, a watse.

Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a fara da masu cin itace da yawa kuma a wuri guda: makarantun kwana, masu turara shinkafa da masu sayar da abinci a tasha. Su ne za su ba ƙaramar masana'anta ciniki tabbatacce, idan aka kafa ta kusa da injin casa a Ƙaura Namoda. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin tun 1983 za ta iya gwada haɗin buntu da ɓawo, ta kuma horar da maƙera da masu gyaran rediyo kan fanka da batir. Ƙauyukan da mota ba ta isa kullum kuwa, murhu mai tattalin itace irin Save80, wanda ake ƙerawa a Kano, ya fi dacewa da su, domin da 'yan kirare yake aiki.

Ranar da ɗan siyasa ya sauke tirelar murhuna a filin taro, tambayoyi uku ya kamata matasa su yi masa: a wane shago za a sayi ƙwayar, nawa ne girkin wuni idan aka kwatanta da gawayi, kuma wa zai gyara fankar idan ta tsaya. Idan ya kasa amsawa, bayan wata guda matar Zurmi za ta sake tura ɗanta bakin daji.