A Haɗu a Ƙidaya Kifin Tafkin Chadi

Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda 'yan'uwanmu na kudu ke kira okporoko, ana sayar da shi a kasuwannin Kaduna, har masu girki a Kakau su samu. Kaɗan ne daga cikin masu cinsa suka san inda ya fito. Yawancinsa daga Norwe ake kawo shi, gidansa kuwa Tekun Barents, can arewacin duniya inda ƙanƙara kan rufe ruwa.

To, wannan teku yana sakewa. Ruwansa yana ƙara ɗumi, ƙanƙara tana ja da baya, kifi kuma yana ƙaura zuwa arewa. A 2013 an yarda masunta su kama irin wannan kifi wajen tan miliyan ɗaya, amma a 2025 aka rage zuwa tan 340,000. In kifi ya yi ƙaranci can, lalle kuɗinsa ya hau nan.

Abin da muke so jama'a su lura da shi shi ne yadda aka san adadin. Norwe da Rasha ne ke raba tekun, kuma ba aminan juna ba ne. Duk da haka, tun 1965 masanan Bergen da na Murmansk ke fita da jiragen ruwa kowace shekara suna ƙidayar 'ya'yan kifi tare, a 1975 kuma ƙasashen suka ƙulla yarjejeniyar kafa hukuma guda mai yanke abin da za a kama. Ko a 2022, da yaƙin Yukiren ya raba Rasha da ƙasashen Turai, ba su yar da wannan aiki ba. Dalili a fili yake, kifi bai san iyakar ƙasa ba.

Mu ma muna da namu ruwan da ya sake. Tafkin Chadi, inda bandar Baga ke fitowa, ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi har ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Hukuma kam muna da ita, har ta girmi ta Turawan, don tun 1964 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ta a Fort Lamy, watau Njamena ta yau.

Mun san rashin zaman lafiya ya hana aiki a bakin tafkin shekara da shekaru, ba mu raina wannan uzuri ba. Amma muna roƙon Gwamnati ta kai magana gaban Hukumar Tafkin Chadi, a sa wata guda kowace shekara wanda masanan ƙasashen za su auna ruwa su ƙidaya kifi da ma'auni iri ɗaya, a fara daga inda hanya ta buɗe. A sa masunta cikin aikin, don su ne suka san irin kifin da ya daina shiga komarsu. Kana a buga abin da aka samu da Hausa da Barbarci, a karanta musu a rediyo.