Wayar Hannu da Tsarin da Ba a Kulle Ba

Muna jawo hankalin akawuna da malaman makaranta na Manga da sauran ƙasar Zuru ga wannan magana. Wayar da ke aljihunku ƙaramar kwamfuta ce. In irin Android ce, to, tushen tsarin da ke tafiyad da ita shi ne Linux, wanda wani ɗalibi mutumin Finlan, Linus Torvalds, ya fito da shi cikin 1991, watau shekarar da aka kafa Jihar Kebbi. Bai kulle shi ba. Kowa na da iznin ya duba, ya gyara, ya raba wa jama'a.

Ina amfanin wannan gare mu? Kamfani ya kan daina sabunta waya bayan 'yan shekaru, alhali kuwa tana nan lafiya lau. Gwani na iya sa mata wani buɗaɗɗen tsari, kamar LineageOS, ta ci gaba da aiki. Amma fa ba kowace waya ke karɓa ba, aikin kuma ya kan shafe dukan abin da ke ciki. Akawun da ya miƙa tasa bai kwafe takardunsa ba, kada ya zargi kowa.

Cikin 2007 aka raba wa yaran makarantar Galadima ta Abuja ƙananan kwamfutoci masu Linux, rashin wutar lantarki ya ba su wahala ƙwarai. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, lalle Ƙaramar Hukumar Zuru ta tanadi wuta, ta kuma horad da malamai kan gyara, kafin ta sayi ko da na'ura ɗaya. Malaman nan su ne kuma za su iya juya kalmomin tsarin zuwa Hausa da Dakarci, tun da ba mai hana su.