Ba kowane duhun ido ba ne yana

A rangadin da muke yi cikin azuzuwan yaƙi da jahilci, mukan iske dattijo mai ƙwazo ya fara ja da baya. Yana ganin allo, yana ganin malami, amma harafin da ya kafa wa ido shi ne ke ɓace masa. Ƴan aji su ce tsufa ne. Ƴaƴansa su ce yana ce. A ganinmu, duka biyun gaggawar hukunci ce.

Yana tana zama ne a gaban ido, cikin madubin da haske ke ratsawa, kuma likitan ido na cire ta da aiki. Amma can ƙuryar ido, daga baya, akwai wata shimfiɗa sirirya mai karɓar haske. A tsakiyarta akwai ɗan wuri wanda faɗinsa bai kai milimita 6 ba, likitoci suna kiransa makula. Da shi muke karatu, da shi muke zura zare a allura, mu tsince tsakuwa cikin wake, mu gane fuskar baƙo.

Mu ɗauki wannan wuri kamar garka. Ƙwayoyin da ke karɓar haske su ne shuka. Ƙarƙashinsu akwai jeri guda na wasu ƙwayoyi masu yi musu hidima: suna ba su abinci, kuma kowace rana suna kwashe sassansu da suka tsufa. Ƙarƙashin waɗannan akwai wata tantani mai kama da rariya, bayanta kuma ƙananan jijiyoyin jini. Abinci ta rariyar yake shigowa, shara ma ta nan take fita.

Shekaru na tafiya, rariyar na ƙara kauri. Sharar kitse da sauran tarkace ta taru a kanta, ta zama ƴan ɗige-ɗige ruwan ɗorawa, waɗanda likita ke hangowa da na'urarsa. Masu hidima su gaji, su mutu kaɗan-kaɗan, shukar da ke bisansu ta bi su. Wannan shi ne busasshen nau'i. Shi ya fi yawa, kuma yana ɗaukar shekaru.

Nau'i na biyu shi ne abin tsoro. Sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro, su huda rariyar, su riƙa yoyon ruwa da jini ƙarƙashin makula. Layi miƙaƙƙe ya koma karkatacce. Cikin ƴan makonni ko watanni gani na iya lalacewa, in wurin ya yi tabo kuma an makara. Duk wannan ba zafi, ba ja, ba kwantsa. Gefen gani yana nan, shi ya sa dattijo ke zuwa masallaci da kansa amma bai gane jikansa sai ya yi magana.

Gaskiya ne cutar ta fi kama Turawa, kuma a ƙasarmu yana da amodari da hawan jinin ido sun fi ta ɓarna. Amma tana kama wanda ya wuce shekara 50 ko daga ina yake, musamman mai shan taba da wanda aka yi ta a danginsa.

Wani zai ce: in ba maganin da ke tayar da ƙwayar da ta mutu, me ya sa za mu sayar da akuya mu yi kuɗin mota? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai daga waje ba wanda zai iya bambanta cututtukan nan. In yana ce, aiki zai buɗe idon. In nau'i mai yoyo ne, tun 2006 akwai allurar da ake yi cikin ido tana tsayar da yoyon, ko da yake tana da tsada kuma ana maimaita ta. In busasshen ne, iyali sun huta da zuba kuɗi ga masu yawo da tsinke suna cewa za su ture yana. Tsinken nan ba ya kai wa ga cutar, sau da yawa ma ido yake kashewa.

Ga gwajin da muke roƙon malamai su koyar. Dattijo ya rufe ido guda da tafin hannu, ya dubi layukan littafin rubutu ko bakin ƙofa, sannan ya sauya ido, domin lafiyayyen ido yana ɓoye laifin ɗan'uwansa. In layi ya lanƙwashe, ko tsakiya ta yi duhu, a nufi sashen ido na babban asibiti, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, cikin makon nan, kada a jira kaka. A bar taba, a yawaita ganye irin su zogale da alayyafo. A aji kuma, a zaunar da shi wajen haske, malami ya yi masa manyan haruffa masu kauri.