Ɗan ƙwallo ma ɗan ƙasa ne



A 2016 'yan matan Super Falcons suka ciyo kofin Afirka a Kamaru, aka riƙe musu alawus. Sai da suka yi tattaki har Majalisa a Abuja sannan aka biya su. A 2020 Ighalo ya soki gwamnati kan harbin Lekki, wasu suka ce ya tsaya a ƙwallonsa.

Ba haka ake ce mana mu koma kicin ba? Wallahi mai rufe bakin ɗan ƙwallo yau, gobe naki zai rufe in kin tambayi ina taki, ina magani a asibiti. In ra'ayinsa bai yi miki ba, kawo hujja, banda zagi, ko ɗan adawa ne.

A tura wa sauran mata.