Yara Sun Dawo Daga Daji, Saura Hankalinsu Ya Dawo Aji

Duk wanda ke zaune a garuruwan ƙasar Birnin Gwari ba sai an ba shi labarin abin da makarantu suka gani a 'yan shekarun nan ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar firamare ta Rama suka tafi da malamai 3. Ranar 5 ga Yuli na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, kuma sai a 2023 na ƙarshensu ya dawo gida. Ranar 7 ga Maris, 2024, aka auka wa Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, inda yara 137 suka yi fiye da mako biyu a daji.

Mun gode wa Allah da waɗanda suka dawo. Mun kuma ga yadda Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024 a kan batun sulhu, har aka sake buɗe kasuwar shanu. Amma akwai abin da sulhu ba ya gyarawa. Yaron da ya kwana a jeji, ko ya ga an harbi maƙwabci, ko ya gudu da dare ya bar gida, jikinsa na iya zama a kan benci alhali hankalinsa yana can. Irin wannan yaro yakan zabura in ya ji ƙarar babur, barci ya gagare shi, ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa faɗa ba dalili. Malamin da bai gane ba sai ya ce taurin kai ne ya ɗauko bulala. A gida kuwa wasu su ce iskoki ne, wasu su rufe maganar don kada a kira ɗansu mahaukaci.

A ganinmu lokaci ya yi da za a shigar da jiyya ta hanyar aiki cikin makarantunmu. Wannan fanni ne na kiwon lafiya da ke da ƙwararrunsa. Ya kafu sosai a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da asibitocin Ingila da Amurka suka lura cewa sojan da firgicin yaƙi ya taɓa yana saurin farfaɗowa in an ba hannunsa abin yi, kamar saƙa ko sassaƙa. A 1917 aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka. Tushen abin shi ne, mutum yana samun natsuwa ta wurin komawa ga ayyukansa na kullum. Aikin yaro kuwa shi ne karatu, wasa, cin abinci, barci da cuɗanya da tsaransa.

Ga yadda ake yi. Ƙwararren yakan zauna a aji da filin wasa ya duba inda yaro ke cijewa. In ba ya iya zama na minti 40, sai a fara da minti 10, a riƙa ƙarawa. In yana tsoron a zo masa ta baya, a ba shi wurin zama inda yake ganin ƙofa. A tsara yini yadda yaro zai san abin da ke biye, domin wanda aka taɓa yi wa ba-zata ba abin da ke kwantar masa da rai kamar tsari marar canzawa. Sai kuma aikin hannu cikin ƙungiya: ban ruwan lambu, saƙar tabarma, ɗinki, zane, kiɗa da waƙa. Yaron da ya kasa faɗin abin da ya gani sau da yawa yakan buɗe baki yayin da hannunsa ke aiki.

Kada a ɗauka wannan koyar da sana'a ce kawai, balle a mai da shi hujjar tura yara noma a gonar hedimasta. Kowane aiki ana zaɓensa ne bisa bukatar yaron, ana kuma rubuta ci gabansa. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, musamman mai maganar kashe kansa, dole a kai shi ga likita ba da jinkiri ba. Asibitin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna don haka yake.

Me ya sa muka nace a kan makaranta? Domin can ne yaro ke wuni, kuma iyayen da ba za su yarda a gan su a ƙofar Barnawa ba, ba za su hana ɗansu shiga lambun makaranta ba. Ban da haka, manomin da aka raba da gonarsa ba shi da kuɗin motar zuwa Kaduna kowane mako.

Gaskiya ne masu wannan ilimi kaɗan ne a Nijeriya, kuma makarantar tarayya da ke horar da su tana can Oshodi a Legas. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki ko da 'yan kaɗan ne, ta sa su zagaya makarantun Birnin Gwari da Chikun suna koya wa malamai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙin a kula da shi. Kada ta tsaya a takarda.

Mu ma akwai namu. Ikkilisiyoyi suna da makarantu, da makarantar Lahadi, da zumuntar mata, da matasa. Majalisun ikkilisiya za su iya ware wani abu daga baiko su tura matashi ɗaya ko biyu wannan karatu, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Fastoci su faɗa daga bagade cewa firgici ciwo ne, ba rashin bangaskiya ba. Yadda muke yi wa mai karaya addu'a mu kuma kai shi a ɗaure ƙashin, haka ya kamata a nan. Ƙofar kuma ta zama a buɗe ga ɗan Kirista da ɗan Musulmi, domin masu garkuwa ba su tambayi addinin kowa ba a Kuriga.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari da tsoronsa yau, gobe zai bar makaranta, wataƙila ya faɗa shaye-shaye, wataƙila ya nemi ramuwa. Iyaye, malamai da dattawan ikkilisiya, kada mu jira wani zangon karatu ya wuce. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.