Man Fuska Mara Nauyi: A Duba Abin Da Ke Cikin Kwalbar

Hunturu ba ya tambayar sashen da kake karatu. Da zarar iskar ta taso a ƙarshen Nuwamba, ɗan injiniya da 'yar akanta duk da fuska iri ɗaya ake shiga lakcar ƙarfe takwas: fata furu-furu, leɓe a fashe, gashi yana karyewa a bakin mataji. A daidai lokacin ne kasuwar 'yan kwalaben man fuska take buɗewa a hostal da kan WhatsApp. Kwalbar mililita 30, mai ɗan bututun ɗigawa, an rubuta mata suna da Turanci, kuɗinta kuma zai ciyar da ɗalibi kwanaki. Ni ina cikin masu goyon bayan man tsirrai mara nauyi, kuma ina shafa shi. Abin da ba na goyon baya shi ne yadda muke saye ido rufe, mu shafa ba bisa ƙa'ida ba, sannan mu yarda da duk ƙaryar da aka jingina masa.

Mu fara da aikin da mai yake yi. Babu ruwa a cikin mai, saboda haka ba ya shayar da fata. Aikinsa tsare ruwan da yake wurin. Fatar mutum kullum tana fitar da danshi zuwa iska, kuma a tsakiyar hunturu danshin iska a garuruwa irin su Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar tana zuƙe fata kamar yadda take busar da shanya. Mai yana shimfiɗa siririn mayafi ya rage gudun ruwan, ya kuma cike 'yan tsagogin da suke sa fata ta yi kaushi. Iyakarsa ke nan. Duk wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin asarar da ake yi.

Na farko, zai gane dalilin da ya sa ake cewa "na shafa amma bai yi min komai ba". In ka shafa mai a kan busasshiyar fuska, ka kulle ɗakin da babu kowa a ciki. A wanke fuska, ko a fito daga wanka ko alwala, kada a goge ta ƙarƙaf, a ɗiga uku ko huɗu a tafin hannu a murza, a danna a fuskar tun da sauran lema. In akwai gilisarin ko loshan mai ruwa-ruwa, shi ne a ƙasa, mai a sama. Gashi ma haka. 'Yan uwana mata, kitson da yake kwana yana wuni ƙarƙashin ɗankwali yana son a ɗan yayyafa masa ruwa kafin mai, a kuma fi ba ƙarshen gashin muhimmanci, don nan ne yake karyewa. Masu gemu, ku ma da ku ake.

Na biyu, zai daina tsoron manyan sunaye. Sikwalen da ake ta yayi dangin wani maiƙo ne da fatarmu take fitarwa da kanta. A da daga hantar kifin shak ake tatsarsa, yanzu ana samar da shi daga zaitun ko rake. Ba shi da wari, ba ya saurin lalacewa, yana shiga fata da wuri. Jojoba, wanda ake furtawa hohoba, daga 'ya'yan wani tsiro ne na hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, kuma a zahiri kakin ruwa ne mai kama da maiƙon fata. Argan na Maroko ne. Duka ukun suna da kyau in an samu na gaskiya. To amma babu wanda a cikinsu yake yin wani abu da ya wuce tsare ruwa da tausasa fata, kuma akwai na gida da suke yin wannan aikin: man riɗi da aka matse ba tare da an soya ba, man aduwa, man zogale, man 'ya'yan kuka. Man kaɗe ya fi su nauyi, shi ya sa ya fi dacewa da jiki da ƙafa da gashi.

Nauyin mai da yadda fata take karɓarsa suna da alaƙa da sinadaran da suke cikinsa. Mai yawan sinadarin linoliyik, kamar man sanfulawa, yakan yi sauƙi kuma fata mai laulayi ta fi jure shi. Mai yawan oliyik, kamar man zaitun, ya fi kauri. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa wasu mutane shafa man zaitun da man sanfulawa na makonni huɗu, suka tarar man zaitun ya raunana saman fata, na sanfulawa kuwa bai yi ba. Babu mai musun darajar zaitun a abinci, amma mai fama da ƙaiƙayi da bushewar fata ya yi hattara da shi a fuska. Man kwakwa kuma gwani ne a gashi, don yana ratsa silin ya rage karyewa, sai dai mutane da yawa yana toshe musu ƙofofin fuska. In kin ga ƙananan ƙuraje sun jeru a goshi daidai bakin gashi, ki fara zargin man kitso kafin ki zargi abincin kafteriya. Mai amosanin ka shi ma ya sani cewa ƙwayar da take haddasa shi da maiƙo take rayuwa, don haka labta mai a fatar kai yana iya ƙara masa ƙarfi.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibi da wannan dogon Turanci, ga basilin nan mai araha da iyayenmu suka raine mu da shi? Maganarsa tana kan hanya. Wajen tsare ruwa babu man tsiron da ya kamo basilin. Ga faso, ga leɓe, ga gwiwar hannu, ni ma shi zan ce a nema. Matsalar fuska ce. Ka shafa shi da safe, ka hau acaɓa ko ka taka daga hostal zuwa wokshop cikin ƙurar Janairu, ka iso kamar an tono ka. Mai mara nauyi yana shigewa cikin 'yan mintuna, ba ya riƙe ƙura haka, ba ya ɓata wuyan riga da hijabi. Kowanne da wurinsa.

Na uku, kuma wannan ne ya fi damuna: wanda ya san aikin mai ba za a sayar masa da guba da sunan "oganik" ba. Jama'a, babu man tsiron da yake mayar da baƙi fari cikin mako biyu. In kwalba ta yi wannan alkawarin kuma ta cika shi, to an zuba wani abu a ciki, ko sitiroyid, ko haidirokwinon, ko makyuri. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ya bar nankarwa da ƙuraje, ranar da aka daina kuma fatar ta tayar da bore. Makyuri yana taɓa ƙoda da jijiyoyin jiki. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata, a 2023 kuma NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Yanzu da kalmar bilicin ta zama abin kunya, sai aka sauya mata riga, ana kiranta man ƙyalli ko haɗin gida. Na ga ɗalibar da kumatunta suka ƙone suka yi ja, dunƙulen yatsunta baƙi ƙirin, tana rantsuwa ita man tsirrai kawai take shafawa. Kuma gaskiyarta ta faɗa, abin da aka gaya mata ke nan.

Don haka kafin a miƙa kuɗi, a juya kwalbar. Man gaskiya jerin kayan haɗinsa gajere ne, sau da yawa suna ɗaya tak. A nemi lambar NAFDAC da ranar daina aiki. A fi son kwalba mai duhu, don haske da zafi suna lalata mai, kuma kada a ajiye ta a bakin tagar ɗaki. In ya fara warin tsohon man suya, a zubar. Sabon mai a gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu a jira kwana biyu, musamman wanda riɗi ko gyaɗa ba sa karɓarsa. Kuma mai ba ya kare fata daga rana, ba ya maganin ƙurajen da suka yi tsanani. Wannan aikin asibiti ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na 'yan kwalejin fasaha. Argan man girki da shafawa ne na matan ƙauyukan kudu maso yammacin Maroko. Sun haɗu a ƙungiyoyin gama kai, aka inganta matsa da tacewa da zubi, a 2014 UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun da duniya take adanawa, yau ga shi muna cire kuɗin handawut muna saye. Mu fa? Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai a buhu yake fita zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da 'ya'yan kaɗanya, amma ɗanye ake kwashe mafi yawansu, abin da ya sa a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da su na wata shida don a riƙa sarrafawa a gida. Aduwa kuwa tsotsa muke yi mu jefar da ƙwallon, alhali man yana cikinsa.

Me zai hana ɗan sashen kanikanci ya ƙera ƙaramin injin matsa a matsayin furojet ɗinsa, 'yar kimiyyar ɗakin gwaji ta auna tsabtar man da saurin lalacewarsa, ɗan kasuwanci ya fitar da farashi da takardar jikin kwalba? Ai wannan ya fi a kwafi furojet ɗin bara a sauya masa suna. Darasin koyon sana'a da muke yi don cin maki, ga inda zai yi amfani.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai guda biyu ne. A makon ɗalibai mai zuwa a gayyato likitan fata ko masanin haɗa magunguna ya yi mana bayani, maza da mata, a bar lokacin tambayoyi. Sannan duk wanda zai kafa tebur a bajekolin ƙungiya da kayan shafa, a ga sunan kayan haɗi da lambar rajista a jikin kwalbarsa kafin a ba shi wuri. Wanda ba shi da su ya nemi wata kasuwar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, kuma fuskar da za mu fita neman aiki da ita bayan HND ita ce dai wannan da muke shafawa yau.